Hannun da Auta bai ɗora ba: nazarin zubin ɗori a wani teburin poka na Unguwar Dosa

A wasan poka akwai wata al'ada da ta kama mutane har suka ɗauke ta doka: duk wanda ya yi ƙari kafin a buɗe katunan ƙasa, shi ne zai sake zubawa da zarar an buɗe ukun farko, ko kati ya zo masa ko bai zo ba. Wannan shi ne zubin ɗori. Sau da yawa yana biya, shi ya sa ya samu gindin zama. Amma an buga wani hannu a Unguwar Dosa, cikin garin Kaduna, wanda mai ƙarin ya ƙi ɗorawa, ya kuma rasa abin da ke tsakiya, teburin duka ya yi masa ca. Ina ganin shi ne ya yi daidai, kuma dalilan sun isa a zauna a warware su ɗaya bayan ɗaya.

Teburin na mutum shida ne, suna haɗuwa daren Asabar bayan sallar isha'i a barandar wani magidanci. Sharaɗin Maigida tun ranar farko shi ne ba a sa ko kobo, domin caca haramun ce, aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta faɗe ta ƙarara, kuma ba ya so a shigar masa da ita gida ta bayan fage. 'Ya'yan roba ake rabawa, kowa na maki 10,000, wanda nasa suka ƙare ya koma gefe ya kula da butar shayi. Nau'in wasan Texas Hold'em ne: kowa kati biyu a ɓoye, sannan biyar a ƙasa na kowa da kowa, uku a tashi ɗaya, sai na huɗu, sai na biyar. Zubin dole, wanda mutum biyu ke yi kafin a raba kati, ƙarami 50 ne, babba 100.

Ga yadda hannun ya gudana. Biyun farko suka ajiye katinsu. Auta, ƙanen Maigida wanda bai jima da gama Kadpoly ba, ya duba ya ga As na mashi da Sarki na dayamon (mashi, dayamon, zuciya da ganye su ne alamomi huɗu na kati). Ya yi ƙari zuwa 300. Kawu, wanda ke kujerar mai rabo, wato shi ne mai maganar ƙarshe a kowane zagaye bayan an buɗe katunan ƙasa, ya bi. Mai ƙaramin zubin dole ya ajiye. Injiniya, da ke kan babban zubin dole, ya cika 200 ya bi. Abin da ke tsakiya ya zama 950.

Aka buɗe ukun farko: 9 na zuciya, 8 na zuciya, 6 na ganye.

Injiniya ya ƙwanƙwasa tebur ya wuce, wato bai zuba komai ba. Auta ya yi jim, ya taɓa 'ya'yansa, sannan shi ma ya wuce. Kawu ya wuce. Kati na huɗu ya zo 4 na mashi. Injiniya ya zuba 500, Auta ya ajiye, Kawu ya ajiye. Da Injiniya ya yi shiru ya kwashe, da magana ta mutu a nan. Sai ya buɗe katinsa a fili: Sarauniya da 4, duka na dayamon. Kawu ma ya nuna nasa, Jak da 3 na mashi. Ma'ana a lokacin da Auta ya wuce, babu wanda ke riƙe da komai a cikinsu, As ɗinsa ne ke gaba, kuma da ya zuba ko da rabin abin da ke tsakiya ne, da wuya wani ya tsaya masa.

"Auta, ka ba da mu," in ji Kawu. "Kai ka ɗaga wasa, kuma kai ka fara jin tsoro? Wallahi da ka zuba, da tuni na watsar."

"Kawu, ai ƙasan ba tawa ba ce," in ji Auta. "Taku ce ku biyu."

Wannan amsa tasa ita ce gaba ɗayan maganar, sai dai a daren babu wanda ya saurare ta.

Hujjar Kawu ba ta banza ba ce, tana da tushe a lissafi. Mutumin da ke riƙe da kati biyu mabambanta, idan aka buɗe ukun farko, kusan kashi 68 cikin 100 na lokuta ba ya samun ko tagwaye ɗaya, wato kati biyu masu lamba ɗaya. Sau biyu cikin uku ke nan hannunsa wayam. Shi kuwa mai zuba rabin abin da ke tsakiya, abin da yake buƙata don kada ya faɗi shi ne abokin karawarsa ya ajiye sau ɗaya cikin uku. Tazarar da ke tsakanin waɗannan alƙaluma biyu ita ce ribar zubin ɗori. Bayan 2003, shekarar da Chris Moneymaker ya fito daga wasan intanet ya lashe babbar gasar duniya ta Las Vegas da dala miliyan 2.5, sababbin 'yan wasa suka yi ta kwarara, kuma yawancinsu idan kati bai zo musu ba sai su ajiye ba gardama. Dan Harrington, zakaran gasar a 1995, yana cikin waɗanda rubuce-rubucensu suka yaɗa dabarar ɗora kimanin rabin abin da ke tsakiya. A wancan zamani mai ɗorawa ido rufe ma yana cin riba. Kawu bai san wannan tarihi ba, amma ragowarsa ce ta iso kunnensa ta bidiyoyin da ke yawo a waya.

Matsalar ita ce wancan kashi 68 na mutum ɗaya ne, a kan ƙasa ko wace iri. Auta kuwa mutum biyu yake fuskanta, a kan wata ƙasa takamaimai.

A fara da yawan mutanen. Idan kowannensu yana rasa tagwaye kashi 68, to yiwuwar su rasa a tare ta sauko kusan kashi 46. Tun ba a kalli katunan ƙasa ba, fiye da rabin lokuta ɗaya daga cikinsu ya kama wani abu. Wannan ragi ne babba, kuma mutane ba sa jin nauyinsa a jikinsu, domin ido yana ganin ƙarin mutum ɗaya ne kawai a hannun. Ko masu binciken kwamfuta sai da suka ɗauki wasan mutum da yawa a matsayin wani aiki na daban. Manhajar Libratus ta Jami'ar Carnegie Mellon ta doke ƙwararru huɗu a Pittsburgh cikin Janairun 2017, a hannu 120,000, amma duk wasan mutum biyu ne. Sai a 2019 Noam Brown da Tuomas Sandholm suka fito da Pluribus, wadda ta iya teburin mutum shida.

Sai kuma ƙasan kanta, wadda a nan ne ya kamata a daɗe. A kan 9, 8, 6 da zuciya biyu, rashin tagwaye ba ya nufin rashin komai. Duk mai riƙe da 7 yana da 6, 7, 8, 9 a jere, yana jiran 5 ko 10 ya cika jerin kati biyar, kati takwas ke nan masu cetonsa, kuma cikin katunan biyu da suka rage zai samu ɗaya kusan kashi 31 cikin 100. Mai Jak da 10 shi ma haka, yana jiran 7 ko Sarauniya. Mai Sarauniya da 10 yana jiran Jak ko 7. Mai 10 da 7, da mai 7 da 5, su sun riga sun gama jerinsu, zaune kawai suke suna jiran wanda zai kawo musu. Duk mai 10 ko 5 shi kaɗai yana jiran 7. Mai zuciya biyu a hannu yana da kati tara da za su ba shi fulash, wato biyar masu alama ɗaya, kuma zai samu kusan kashi 35. A ƙara da masu 9 da 8, da masu 8 da 6, da masu tagwayen 9 ko 8 ko 6 a hannu da suka zama 'yan uku, da masu tagwayen 10 ko 7. Babu ɗaya a cikin waɗannan da zai ajiye don Auta ya zuba sau ɗaya.

To su wa ke yawan riƙe irin waɗannan katuna? Masu bi. Wanda ya yi ƙari, yawancin hannayensa manyan kati ne: As da Sarki, As da Sarauniya, Sarki da Jak, da manyan tagwaye. Wanda ya bi kawai bai mayar da ƙari ba, yawancin nasa matsakaita ne masu maƙwabtaka da juna, irin su 9 da 8, 8 da 7, 10 da 9, 7 da 6. Musamman ma Injiniya. Shi yana da 100 a ciki tun farko, 200 kawai aka nema ya cika don ya shiga takarar 950, wato ko kashi 21 ne rabonsa na cin hannun, shigarsa ba asara ba ce a kan takarda. Da irin wannan araha zai shigo da tarkace iri-iri, kuma rabin tarkacen nan a tsakanin 5 da Jak suke zaune. Abin da Auta ke nufi ke nan da ya ce ƙasan tasu ce. Gaskiya ne shi ne ya fi su yiwuwar riƙe tagwayen As ko Sarki ko Sarauniya, domin da suna da su da sun mayar masa da ƙari. Amma tagwaye ɗaya, komai girmansu, a kan wannan ƙasa ba su da kwanciyar hankali, balle shi da ba shi da su.

Yanzu a sa lamba. A irin wannan ƙasa ƙaramin zubi ba ya korar kowa, don haka da Auta zai ɗora, sai ya kai kamar 600. Mai zuba 600 don ya ci 950 yana buƙatar duka biyun su ajiye kusan kashi 39 cikin 100, idan har ba shi da wata hanyar ci. A yi masa alheri a ce kowannensu zai ajiye rabin lokuta, abin da nake ganin ya yi yawa a kan 9, 8, 6. Rabin rabi kashi 25 ne. Idan kuwa sau huɗu cikin goma kowannensu ke ajiyewa, an koma kashi 16. Ko ta ina aka auna, bai kai 39 ba.

Za a ce ai idan an bi shi ma bai mutu ba, As ko Sarki na iya zuwa. Haka ne. As uku da Sarki uku sun rage, shida cikin katuna 47 da bai gani ba, kusan kashi 13 a kati na huɗu, kusan 24 idan ya ga duka biyun. Sai dai biyu daga cikin shidan, As na zuciya da Sarki na zuciya, ranar da suka zo su ne za su cika wa mai jiran fulash burinsa. Saura huɗu masu tsabta, ƙasa da kashi 9 a kati na gaba. Su ma huɗun ba su da tabbas: idan Kawu na riƙe da As da 9, ko As da 8, zuwan As zai ba Auta tagwaye ɗaya, ya ba Kawu biyu, kuma a nan ne ake asarar da ta fi 600 nesa ba kusa ba, domin mutum ba ya iya rabuwa da manyan tagwaye cikin sauƙi. Katin da kake roƙo ya zo, ya zo ya kuma jefa ka rami, wannan shi ne mafi munin abin da ke cikin hannun nan.

Akwai kuma wurin zama. Auta a tsakiya yake, Injiniya a gabansa, Kawu a bayansa. Wucewar Injiniya ba ta gaya masa komai ba, domin a al'ada mai babban zubin dole yana wucewa ne ya bar wa mai ƙari magana, ko da jeri ne a hannunsa, yana jira a zuba ya mayar da ƙari. Kawu kuwa bai yi magana ba tukuna, kuma duk zagayen da ya rage shi zai ga abin da Auta ya yi kafin ya yanke nasa. Wanda ya san teburin ya san Kawu mutum ne mai son ganin kati na gaba. Maganarsa ta cewa da ya watsar gaskiya ce a kan Jak da 3 na mashi. Da 3 ɗin nan 10 ne, ko da katunan nasa na zuciya ne, ba mai raba shi da hannun.

Hujja mafi ƙarfi da aka kawo a daren ba ta Kawu ba ce, ta Injiniya ce, kuma ta cancanci a amsa ta da gaske. Cewa ya yi, "Auta, ni ba burga nake cewa ka yi ba. Kai ne a gaba. Ka bar ni na ga kati kyauta, na kuwa samu 4. Da ka zuba, ka hana ni ganinsa." Wannan magana ce ta wanda ya fahimci wasa. Sarauniya da 4 tana da kati shida da za su ɗaga ta sama da As, Jak da 3 ma haka, kuma duk lokacin da aka kori irin waɗannan hannaye an ƙwace musu rabon da suke da shi. Wannan riba ce ta gaske, kuma tana cikin manyan dalilan da suka sa ake ɗori ko da kati bai zo ba. Amma ana sayen ta ne da farashi. Auta zai biya 600 kowane lokaci don ya kori hannayen da dama yana gabansu, alhali duk hannun da ya fi nasa zai zauna daram, wasu ma su mayar masa da ƙarin da zai tilasta masa ajiyewa ba tare da ya ga kati na huɗu ba. Da ya wuce, ga shi ya gan shi kyauta. Abin da Injiniya ya samu a banza, Auta ma ya samu, kati ne kawai bai zo masa ba.

Ƙari kafin buɗe ƙasa kamar tayin dilar gwanjo ne a Kasuwar Barci tun ba a kwance ta ba: ka yi shi ne da kyakkyawan zato, kuma daidai ne ka yi. Da aka kwance ka ga abin da ke ciki, tayin farko bai ɗaure ka ka ƙara kuɗi ba. Da ukun farko mutum ya riga ya ga biyar daga cikin katuna bakwai da za su yanke hukuncin hannunsa, kuma 300 ɗin da Auta ya zuba ta bar hannunsa, ta zama ta tsakiya. Jin cewa dole ya kare ta shi ne ke sa mutane bin 300 da 600, sannan su bi 600 da 1,500.

Ajiyewarsa a kati na huɗu ba ta buƙatar dogon bayani. An nemi ya biya 500 don takarar 1,950 gaba ɗaya, yana buƙatar kusan kashi 26, shi kuwa ko tagwaye mafi ƙanƙanta ne a hannun Injiniya, kati shida cikin 46 ne ke cetonsa, kashi 13, ga Kawu a baya bai yi magana ba.

Kada wani ya fahimci cewa ina kiran mutane su daina ɗori. A canza abu ɗaya ko biyu a hannun nan, hukuncin ya juya gaba ɗaya. A ce Kawu ya ajiye tun farko, Injiniya kaɗai ya bi, abin da ke tsakiya 650, aka buɗe Sarauniya na mashi, 7 na dayamon, 2 na ganye. As da Sarkin Auta nan ma ba su kama komai ba, amma ƙasan a bushe take: babu alama biyu iri ɗaya, babu katunan da ke maƙwabtaka, kuma babban katin da ke ciki ya fi dacewa da hannayen mai ƙari. Ga shi shi ne mai maganar ƙarshe. A nan zubin 220 ya wadatar, kashi ɗaya cikin uku na abin da ke tsakiya, kuma yana buƙatar Injiniya ya ajiye sau ɗaya cikin huɗu ne kawai, mutumin da sau biyu cikin uku ba shi da ko tagwaye. Wanda ya wuce a nan ya bar riba a tebur. Manhajojin warware poka da suka yaɗu tun wajen 2015 abin da suka nuna ke nan: ƙaramin zubi a kai a kai a kan busasshiyar ƙasa mai babban kati, wucewa da yawa a kan ƙasa mai matsakaitan katuna a jere, musamman idan akwai mai magana a bayanka ko an fi mutum biyu a hannun.

Ko kuma a bar ƙasan yadda take, 9, 8, 6, da mutanen biyu, a canza katin Auta kawai: As da Sarki duka na zuciya. Yanzu yana da kati tara na fulash mafi girma, da As uku da Sarki uku, goma sha biyar ke nan, kuma ɗaya daga cikinsu zai zo kusan kashi 54 cikin 100 kafin a gama. Da wannan zai zuba 600 hankali kwance, idan sun ajiye ya kwashe, idan sun bi yana da abin dogaro, ko an mayar masa da ƙari ma ba zai gudu ba. Da As ɗin kaɗai ne na zuciya, da maganar ta zama ta kusa da kusa, domin ya rage wa abokan karawarsa yiwuwar riƙe babban fulash, kuma As ɗin da zai zo masa duk mai tsabta ne. Na Auta kuwa mashi ne da dayamon, ba shi da zuciya ko ɗaya.

Wani abin da teburin bai lura da shi ba shi ne amfanin wucewar ga sauran hannayensa. Idan Auta yana ɗorawa duk lokacin da ya yi ƙari, mutum irin Injiniya ba zai ɗauki makonni ba zai gane, ya fara mayar masa da ƙari a kan kowace ƙasa mai matsakaitan katuna, da kati ko ba kati. Idan kuma yana ɗorawa ne kawai in ya samu, yana wucewa in ya rasa, to wucewarsa ta zama sanarwa, kowa zai far masa a kati na huɗu. Maganin shi ne a irin wannan ƙasa wani lokaci ya wuce har da tagwayen As a hannu, don ranar da Injiniya ya zuba 500 da tagwayen 4 ya tarar da mai jiransa.

Injiniya kuma, da ya buɗe katinsa, ya ba da labari kyauta wanda ya fi 950 ɗin da ya ci daraja. Ya nuna cewa yana bin ƙarin ninki uku da Sarauniya da 4, ya kuma nuna cewa idan mai ƙari ya wuce, yana zubawa da tagwaye mafi rauni a ƙasa. Abu na farko yana nufin hannayensa sun fi yadda aka zata faɗi, don haka idan su biyu ne kawai da Auta a kan busasshiyar ƙasa, ƙaramin ɗori zai fi cin nasara a kansa fiye da a kan kowa a teburin. Na biyu yana nufin tagwayen 10 ko na Jak a hannun Auta sun isa su bi zubinsa a kati na huɗu ba tare da dogon tunani ba. Kawu kuwa, da ya bi 300 da Jak da 3, ya tabbatar da cewa a kansa burga ba ta da amfani sosai, sai dai a jira kati ya zo a zuba masa da kauri, kuma idan yana kujerar mai rabo, gara Auta ya ɗaga ƙarinsa na farko zuwa 400 ya rage yawan masu biyo shi cikin hannun.